Dalilin Da Ya Sa Faifan Da Aka Yi Maka Bonin Yake Ƙin Kamawa A DVD Na Gida

Bara da aka yi bikin ƙanwata a Agege, Baba ya ce lallai sai kakarmu Hajiya ta ga bidiyon, tunda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta ya ɗora mana a faifai, muka gwada a kwamfutarsa ya fito tas. Muka ba direban tirelar da ya sauke shanun Baba a Oko-Oba ya wuce da shi Arewa. Bayan kwana huɗu aka bugo waya, wai inji sai juyawa yake, bai nuna komai ba. Wallahi ranar Baba bai kula ni ba sai bayan Isha'i.

Da na bi diddigi sai na gane yaron zuba fayil ɗin MP4 kawai ya yi a faifan, kamar yadda ake zubawa a filashi. Kwamfuta tana karanta wannan, amma yawancin tsofaffin injinan DVD na gida ba su san shi ba. Su abin da suke nema tsarin DVD-Video ne: a juya bidiyon zuwa MPEG-2, a shirya shi cikin wata jaka mai suna VIDEO_TS. Manhajar DVD Flick tana wannan juyi kyauta, ImgBurn kuma ta yi bonin. Kafin ka bar shago, ka ce a buɗe maka faifan. In ba ka ga VIDEO_TS ba, kar ka biya.

Wajen juyin a zaɓi PAL, shi ne tsarin talabijin ɗinmu na Najeriya. NTSC na Amurka ne, a wata tsohuwar talabijin sai hoto ya fito baƙi da fari.

Faifan kansa, ni DVD-R nake saye. Ya riga DVD+R fitowa, shi ya sa tsofaffin injina suka fi sabawa da shi. Mai RW wanda ake gogewa a sake, ka bar shi, hasken da yake mayar wa idon inji ba shi da ƙarfi. Faifai ɗaya 4.7GB ne, kusan awa 2 in ana son hoto mai kyau. Masu cusa awa 5 a ciki, su ne za ka ga fuskar amarya ta dagule.

Sai gudu. Ko an rubuta 16x a jikin faifan, ka ce a yi maka a 4x ko 8x. Masu shago ba sa so don layi yana jiransu, amma haƙurin minti 15 ne. A tabbatar kuma an rufe faifan a ƙarshe, don wanda aka bari a buɗe inji ba ya karanta shi.

A karo na biyu sai da na gwada shi a tsohon injin wani maƙwabcinmu, ba a kwamfuta ba. Na rubuta suna da maka, don biro yana iya lalata shi, na sa a kwalinsa, na roƙi direba kar ya ajiye shi a gaban mota inda rana ke duka. Hajiya ta kalla sau uku, ta aiko a tambayi dalilin da ya sa ango bai sa babbar riga ba.