Yadda Ake Buɗe wa JavaScript Ƙofar Manhajar da Aka Fassara daga Java

Duk shafin intanet da aka buɗe a waya, ko sabuwa ce ko ta hannu da aka sayo a Tip Toe Lane kusa da Kwame Nkrumah Circle a Ghana, harshe ɗaya yake amfani da shi wajen motsi da amsa umarni, wato JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a shekarar 1995. Sai dai ɗimbin manhajojin bankuna, makarantu da wayoyin Android da harshen Java aka rubuta su, kuma burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, ba ta jin Java. Sunayen sun yi kama, harsunan daban suke.

Maimakon a sake rubuta komai daga tushe, sai aka samar da manhajar fassara da ke ɗaukar rubutun Java ta juya shi zuwa JavaScript. Mafi shahara ita ce Google Web Toolkit, da ake kira GWT a taƙaice, wadda Google ya fitar a watan Mayun 2006. Amfaninta a fili yake. A ɗauki misalin matashin da ya koyi rubuta manhaja a unguwar Nima ko Maamobi, ya haɗa wa matan kasuwa manhajar adashi, wanda a Ghana ake kira susu. Ya rubuta lissafin zubi da na kwasa da Java don wayar Android. Daga baya ƙungiyar ta nemi shafin intanet. Idan ya rubuta lissafin sau biyu da harsuna biyu, wata rana waya za ta ce sidi 500, shafi ya ce 495, kuma rigimar kuɗi ba ta da daɗin sasantawa. Fassara tana ba shi damar riƙe lissafi ɗaya a wuri ɗaya.

Matsalar tana ɓullowa ne bayan fassarar. A Java ana tsara aiki aji-aji. Aji ƙunshi ne da ya haɗa bayanai da ayyukan da ake yi da su, kamar ajin Adashi mai aikin da aka sa wa suna lissafaZubi. Manhajar fassara ba ta barin waɗannan sunaye. Don fayil ya yi sauƙin saukewa, takan gutsure su zuwa harafi ɗaya ko biyu, kuma gajeren sunan yana iya canjawa a fassara ta gaba. Sannan duk aikin da ta ga babu mai kiransa a cikin rubutun Java sai ta share shi gaba ɗaya. To, wanda ya rubuta maɓallin shafin da JavaScript na hannu, idan ya kira lissafaZubi, burauza za ta ce ba ta san wannan suna ba. Kamar baƙo ne ya shigo lungunan Nima yana cigiyar gida da sunan mai gidan, alhali an sauya wa kowa suna a daren jiya, wasu ɗakunan ma an rushe su.

Maganin shi ne a yi wa gidan zaure: wuri ɗaya mai tsayayyen suna, inda na waje zai yi sallama a amsa masa, cikin gida kuma ya ci gaba da zama a rufe.

A shekarun farko ana gina wannan zaure da hannu, ta hanyar da ake kira JSNI. Mai rubutu yakan cusa 'yan layukan JavaScript a cikin ajin Java, ya rataye aikin da yake so a jikin tagar shafin. Hanya ce mai saurin jawo kuskure. GWT yana gudanar da rubutunsa a wani ɓoyayyen firam, saboda haka wanda ya rataye aiki a tagar firam ɗin maimakon ta ainihin shafin zai ga komai ya fassaru lafiya, amma babu abin da ke amsawa.

GWT 2.8, da ya fito a 2016, ya kawo tsarin JsInterop, kuma ya fi na da nesa ba kusa ba. Ana ɗora alamar JsType a saman aji, ko JsMethod a saman aiki guda, ana kuma iya faɗin sunan da za a kira shi da shi daga waje. Alamar kaɗai ba ta wadatar ba. Sai an kunna umarnin generateJsInteropExports lokacin fassara, kuma manta wannan umarni yana cinye wa sababbin shiga yini guda suna neman laifi inda babu shi.

Ko an buɗe ƙofa, ba kowane kaya ne ke wucewa ta cikinta ba. Java ta yarda ayyuka biyu su yi tarayya a suna ɗaya muddin abin da suke karɓa ya bambanta. JavaScript ba ta yarda ba, dole a ba ɗaya wani sunan. Batun lambobi ya fi wannan nauyi, musamman inda ake ƙirga kuɗin mutane. JavaScript tana riƙe cikakkiyar lamba daidai ne har zuwa 9,007,199,254,740,991, yayin da nau'in lambar Java da ake kira long ya zarce haka nesa, shi ya sa ba ya tsallakawa kai tsaye. Lambobi masu ɗigo kuma suna da tasu larurar: a JavaScript, 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif. Mai hankali yakan ƙirga kuɗi da pesewa, wadda 100 ke yin sidi ɗaya, ya tura ta a matsayin cikakkiyar lamba. Nau'in int yana ɗaukar har 2,147,483,647, wato sama da sidi miliyan 21, wanda ya ishi kowane adashin unguwa.

Akwai kuma batun lokaci. Fayil ɗin da aka fassara yakan iso bayan shafin ya bayyana, musamman inda sabis ke da rauni. Idan mai amfani ya danna maɓalli kafin ajin ya iso, kira zai faɗi. Don haka ake sa ɓangaren Java ya sanar da shafin cewa ya shirya, sannan a kunna maɓallan.

Kowace ƙofa da aka buɗe tana da farashi. Abin da aka yi wa alama, manhajar fassara ba za ta share shi ba, kuma duk abin da ya dogara da shi zai zauna. Wanda ya yi wa aji hamsin alama don gudun wahala ya ƙara wa fayil nauyi, kuma mai sayar da waakye da ke sayen data kaɗan-kaɗan ita ce za ta biya. Ayyuka huɗu ko biyar da aka zaɓa da kyau sun fi.

Sauran harsuna ma haka suke yi. Kotlin yana da alamar JsExport. Masu C++ suna amfani da Emscripten, wanda Alon Zakai ya fara, yana juya rubutunsu zuwa WebAssembly, tsarin da manyan burauzoji suka karɓa a 2017. Ɓangaren Emscripten mai suna Embind ne ke fitar da aji zuwa JavaScript, da ƙarin sharaɗi ɗaya: abin da aka ƙirƙira daga ajin C++ ba ya share kansa daga ƙwaƙwalwar na'ura, sai mai rubutun JavaScript ya kira aikin delete da kansa. In ya manta, shafin zai yi ta cin ƙwaƙwalwa har ƙaramar waya ta fara sanƙarewa.