Gidan Zu na Kano: Makarantar Sanin Halittu

 Shirinmu na musamman na yau zai waiwayi tarihin Gidan Zu na birnin Kano, wanda da yawa suka ɗauke shi wurin shaƙatawar ranar Salla kurum, alhali kuwa makaranta ce da babu irinta a wannan jiha.

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka ɗora Kwamishinan 'yan sanda Alhaji Audu Bako a kan kujerar gwamna, mutumin da Allah ya hore wa hangen nesa game da ruwa da ƙasa, wanda a zamaninsa aka gina madatsun Bagauda da Tiga, sai aka kafa wannan gida a 1971, daga bisani aka sa masa sunansa. Ba a daɗe ba duniya ta farga da al'amarin kare muhalli, domin a 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan muhalli a Sitokhom, sa'annan a 1977 aka hallara a Tibilisi aka tsai da shawarar cewa ilmin muhalli ya shiga karatun yara. A tsakanin waɗannan tarurruka ne farin 1973 ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasar Hausa, har kowa ya shaida da idonsa abin da ke aukuwa idan ƙasa ta gaji.

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan firamare sun sauko daga mota cikin rigunan makaranta, sun yi sahu a gaban kejin kura, wannan ya riƙe rigar wancan, malami yana tambayarsu me take ci, ina take kwana, don me ta ƙaurace wa dajinsu, ya san cewa wannan darasi ya fi wanda ake rubutawa a allo zama a zuciya. Daga nan su wuce wurin zaki, da jimina, da kada kwance bakin ruwa, su zauna a inuwar manyan itatuwa, su gane cewa kowace halitta tana da rizikinta da hikimar samuwarta. Malamanmu kuwa sun daɗe suna karantar da cewa tafakkuri cikin halitta ibada ne, kuma ɗan'adam halifa ne a bayan ƙasa, za a tambaye shi amanar da aka danƙa masa.

Dattawan karkararmu sun san barewa da gada a fili, jikokinsu kuwa sai a hoto, domin gatari da wutar daji da buɗe gonaki sun cinye kurmin da suke fakewa. Don haka muke roƙon shugabannin makarantu da iyayen yara su haɗa kuɗin mota, su kai ɗalibai wannan gida ko sau ɗaya a shekara, in sun dawo kuma kowane aji ya dasa tsamiya ko maɗaci a harabar makaranta, ya ɗauki nauyin ban ruwa har ya kama.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba mu ikon riƙon amana. A huta lafiya.