Allurar Botulinum da Ciwon Muƙamuƙi: Dalilan Yaɗuwarta da Abin da Take Haifarwa

Dafin botulinum guba ne da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa. Idan aka tace shi aka zuba ɗan kaɗan cikin tsoka, yakan tare saƙon da jijiya ke aika mata, sai tsokar ta saki. A 1989 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don gyaran harararren ido da ƙiftawar da ba ta tsayawa. A 2002 ta ƙara da gyaran tamojin tsakanin gira, a 2010 kuma ciwon ɓarin kai mai naci. Ciwon muƙamuƙi bai shiga wannan jeri ba, amma likitoci na yin allurar bisa hukuncin kansu.

Abubuwa uku suka yaɗa ta. Na farko, ciwon yana da naci, musamman ga mai cizon haƙora cikin barci ko mai yawan damuwa. Na biyu, allurar ba ta ɗaukar lokaci, kuma aikinta yakan bayyana cikin kwanaki. Na uku, tana rage kaurin muƙamuƙi, abin da ya sa masu gyaran fuska ke tallata ta a Instagram da TikTok.

Sakamakonta gauraye yake. Wasu suna samun sauƙi, amma ƙarfinta yakan gushe bayan wata uku zuwa huɗu, sai a sake biya. Tauna takan yi rauni, murmushi kan karkace idan maganin ya zarce zuwa tsokar da ke kusa, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna ƙashin muƙamuƙi na iya raguwa. A 2024 jabunta ya kwantar da mutane a asibiti a jihohi da dama na Amurka.

Ga mazauna Kwanar Dangora, Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, gano tushen ciwon ya fi muhimmanci, domin ruɓaɓɓen haƙori, kumburin dasashi da ciwon kunne duk sukan yi kama da shi. Muƙamuƙin da ya sarƙe bayan sara ko taka ƙusa kuwa yana buƙatar asibiti nan take. Ga ciwon tsoka, ana farawa da gasa wurin da ruwan ɗumi, rage tauna goro, rake da kilishi, da sanya robar kare haƙora da dare. Idan abin ya ƙi, sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne wurin zuwa. Allurar tana buƙatar firji, rajistar NAFDAC da hannun ƙwararren likita, don haka ba aikin kemis ko shagon kwalliya ba ne.