Abin Da Kawuna Yake Kewa A Ingila

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban gane wannan karin magana ba sai da kawuna ya zo hutu Kano da iyalinsa daga Landan, inda yake aikin likita tun 2015.

Na tambaye shi abin da suka fi kewa. Na zaci zai ce abinci, domin kullum kakarmu Inna tana aika musu kuka da daddawa da yaji. Sai ya ce ai abinci da sauƙi. A can ba a ba da hutun Sallah, mutum ya sauko daga Idi ya wuce wurin aiki, ba kallon Hawan Daushe, ba yawon barka da Sallah. A watan Disamba kuwa, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, kowa ya kulle ƙofarsa. Matarsa ta ce da ta haihu, ba mai dama mata kunun kanwa, balle mai dafa mata ruwan wankan jego.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne rasuwar mahaifinsa. Tafiyar wajen awa 6 ce a jirgin sama zuwa Abuja, amma kafin ya iso an yi jana'iza. Ga shi kuma 'ya'yansa sun zo gaban Inna sun kasa gaishe ta da Hausa, har ta yi ƙwalla.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai masu burin fita waje, a je a nemo ilmi, amma a riƙa waiwayen gida, domin zumunta a ƙafa take. Allah Ya bar zumunci, amin.