Ƙwallon Ƙafa a Matsayin Sana'a: Misalin Ahmed Musa

Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar tamaula a matsayin wasan yara, abin da akan yi da la'asar bayan an taso daga gona. Har yanzu akan sami iyaye masu wannan ra'ayi a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Amma rayuwar Ahmed Musa ta nuna cewa wasan ya zama sana'a.

An haife shi a Jos a 1992. Ya yi suna a ƙungiyar Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Daga nan sana'ar ta kai shi Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya. A gasar cin kofin duniya kuwa, ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya kuma jefa wa Aisland biyu a 2018.

Sai dai sana'a ce mai gajeren zango, domin ƙafa ce jarinta, kuma rauni ɗaya kan karya wannan jari. Tun yana ganiyarsa ya buɗe cibiyar wasanni a Kano a 2017. Irin wannan tanadi ne ya kamata matashi ya fara koyo daga gare shi.