Idan Injin Motar Ƙungiya Ya Fara Ƙara a Kan Tudu

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da akori-kura guda ɗaya wadda aka saya da kuɗin membobi. Ita ke kawo taki, ita ke kai masara kasuwa, ita kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Waɗansu har yanzu suna lallaɓa tsohuwar Peugeot 404 ko 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Akwai wata ƙara da irin wannan mota ke yi wadda ya kamata direba da ma'aji su san ta, gama tana iya cinye ribar shekara guda.

Ƙarar kuwa ita ce ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. An fi jin ta sa'ad da inji ya yi zafi, mota ta sha kaya, direba ya taka totur a kan tudu da babbar giya.

Me ke faruwa a ciki?

A cikin silinda, fistin yana matse fetur da iska, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacinsa, wuta ta ci a hankali ta tura fistin ƙasa. Idan fetur ba shi da kyau, ko zafi ya yi yawa, sauran man da wutar ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewa ce kunne ke ji.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Yadda hayaƙin murhu ke barin kunkunniya a rufin ɗakin girki, haka man da bai ƙone sarai ba ke barin baƙin dauɗa a kan fistin da bawul. Makanikai suna ce da shi kabon. Idan ya taru yakan rage fili a cikin silinda, matsi ya ƙaru. Yakan kuma yi ja kamar garwashi, ya kunna mai tun fulogi bai ba da wuta ba. Fistin na hawa, wuta na danne shi. Fistin kuwa na alminiyam ne, wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 700 ba. Cikin ɗan lokaci sai ya huje.

A mota mai kafireta akwai wata alama: an kashe makulli, amma inji ya ci gaba da karkarwa na ɗan lokaci. Motocin da ba su da kafireta ba su cika yin haka ba, domin mai na yankewa da zarar an kashe.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Na ɗaya, a tambayi direba inda ya sha mai. Fetur da aka gauraya da kananzir yana kawo wannan ƙara. A sha mai a wurin da aka amince da shi, a sake saurara.

Na biyu, a duba zafi. A ga ko akwai ruwa a lagireto, ko fambel ya saki, ko ƙaiƙayi da ciyawa sun toshe ragar gaba. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Na uku, a kwance fulogi duka, a jera su yadda suke a inji. Bakin fulogi mai lafiya ruwan ƙasa ne. Baƙi busasshe yana nuna fetur ya fi iska yawa, sau da yawa domin ƙurar hunturu ta toshe matacin iska. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga silinda, wato ringi ko robar bawul sun ci. Fari fat mai ƙuraje, ko wanda bakinsa ya soma narkewa, shi ne alamar haɗari: a ajiye motar nan take. A kuma tabbata lambar fulogin ita ce wadda littafin motar ya faɗa. Bakin fulogi yana aiki daidai tsakanin digiri 500 da 800. Wanda ba na injin ba ne yana iya wuce haka, shi kansa ya zama garwashi.

Na huɗu, makaniki ya gwada taimin da fitilar gwaji. Idan wuta na zuwa da wuri, a mai da ita daidai. Amma kada a yarda ya ja taimin baya fiye da ƙa'ida don ƙarar ta ɓace kawai. Mota za ta rasa ƙarfi, ta ƙara shan mai da zafi, ciwon kuwa yana nan.

Na biyar, a auna matsin kowace silinda. Idan ya fi abin da littafi ya faɗa, kabon ya taru. A nan ne za a ɗaga kan inji, a kankare, a wasa bawul, a sa sabon gaskit. Waɗansu sukan ɗura ruwa ta kafireta wai don a wanke kabon. Muna gargaɗi a kan wannan, gama ruwa ba ya matsuwa, idan ya yi yawa sai ya lanƙwasa sandar fistin.

A lura, in ƙarar mai nauyi ce, dum-dum daga ƙasan inji, fitilar baƙin mai kuma tana kamawa, wannan wani ciwo ne dabam. A kashe inji, kada a ƙara tuƙawa.

Rigakafi

A kakkaɓe matacin iska kowane mako da rani, kada kuwa a cire shi a yi tafiya, gama ƙura na cin ringi. A canja baƙin mai a kan kari. Kada a bar inji yana aiki a tsaye ana jiran lodi. A kan tudu a sauko ƙaramar giya tun inji bai fara kuka ba, kada kuma a ɗora buhunan da suka fi ƙarfin motar.

Muna ba kwamiti shawara ya ajiye littafi a cikin motar, a riƙa rubuta ranar canjin mai da fulogi. Direban da ya kawo labarin ƙara a gode masa, kada a tsawata masa, in ba haka ba gobe zai yi shiru. Motar nan amana ce daga gumin gwauraye da masu ƙaramar gona. A duba ta tun kaka ba ta zo ba. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya sa a hannunmu.