Abin da ke faruwa idan ka biya kuɗin makaranta ta waya

Tun shekarar 2018 ma'aikatar ilimin sakandare ta Kamaru ta fara karɓar kuɗin makaranta da na jarrabawa ta waya da shagunan tura kuɗi. Ta ƙulla yarjejeniya da MTN Mobile Money da Campost da Express Union da bankin UBA, daga baya wasu suka biyo sahu. Uban da ke wani ƙauye a yankin Poli, hedkwatar gundumar Faro, yana iya biya wa ɗansa ba tare da kuɗin ya bi ta hannu uku ko huɗu ba.

To, ta yaya kamfanin waya ya san ɗanka, alhali rajistarsa na hannun gwamnati? Bai san shi ba, tambaya yake yi. Da ka danna lambar ɗalibi, kwamfutar kamfanin ta aika saƙo ta intanet zuwa ta ma'aikatar: wannan lamba ta wace ce, nawa ake binta? Amsa ta dawo cikin daƙiƙu. Ka sa lambar sirrinka, a cire kuɗin, sai saƙo na biyu ya tafi cewa an biya, a rubuta. Hanyar da kwamfutocin ke yin wannan magana ita masana ke kira API. Kamar kantin da ke sayarwa ta taga ne: ba a barin kowa ya shiga ciki, amma ana miƙa abin da aka amince a miƙa.

A nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido. Kwamfuta ba ta san kuskure ba, abin da aka ba ta take aiki da shi. Idan ka goce da lamba ɗaya, kana iya biya wa ɗan wani. Saboda haka a tabbatar da lambar da sunan kafin a sa lambar sirri, ko da a shagon mai tura kuɗi ne kuma mutane na jira a baya. Sannan wani lokaci sabis kan ɗauke tsakanin saƙo na farko da na biyu: kuɗi ya fita, makaranta ba ta gani ba. Kada a yi gaggawar sake biya. A adana saƙon da ya shigo waya, a kwafe lambar cinikin a takarda, domin da ita kaɗai ɓangarorin biyu za su gano inda kuɗin ya maƙale.

Irin wannan haɗin ne ya sa tsarin GIMACPAY, da aka ƙaddamar a 2020, ke ba da damar tura kuɗi tsakanin kamfanonin waya da bankuna a ƙasashe 6 na ƙungiyar CEMAC ta yankin tsakiyar Afirka, har da Chadi. A tashar jiragen ruwa ta Duwala ma, inda ake fitar da audugar kamfanin Sodecoton, tsarin GUCE ya tara takardun kwastan da bankuna da sauran hukumomi a ƙofa guda.

Damuwata ita ce dukkan wannan ya dogara ga sabis da wutar lantarki, kuma ƙauyukan Faro ba birnin Garwa ba ne. Idan gwamnati ta ce a biya ta waya, to hakki ne a kanta da kamfanonin su kai sabis mai ƙarfi har ƙauye, su kuma tanadi wanda zai saurari mai ƙorafi a Poli, ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Garwa ba.